Darwin Ba Kan Hanya Take Ba

Masu karatu, idan labari ya iso muku cewa an daɓa mini wuƙa jiya a bakin kasuwa, ku kwantar da hankalinku. Ina nan da raina da lafiyata, wandona ne kawai ya riga mu gidan gaskiya. Ga yadda aka yi. Kamfanin jirgi ya ce akwatin matafiyi yana da iyakar nauyi, sikelin gidanmu kuwa tun ranar da Dafina matata ta hau shi bayan bikin Ista ta ce maƙaryaci ne, ta ba 'yan gwangwan. Sai na jawo akwatina na nufi tashar mota, domin na ji a rediyo cewa Mai Girma Mai Almakashi, uban garinmu, ya sayo sabon sikeli na zamani saboda talakawa. Na same shi kuwa, Allah ya saka wa Mai Girma da alheri. Yana nan a lulluɓe cikin leda, an ɗaura masa jan ƙyalle, yana jiran ranar da za a samu sukunin zuwa a yanka. Mai shara ta ce in leƙo bayan zaɓe.

Na juya na nufi kasuwa wurin Spiro mai tattasai, wanda sikelinsa yana cuta amma dai yana aiki. Ina gab da isa, tayar akwatin ta faɗa ramin nan na gaban kantin magani, wanda aka yi bikin cike shi har sau biyu, da kiɗa da jawabi da raba lemo. Akwati ya kife ya wage baki, ni kuma na bi shi na zauna daɓas a kan kwalaben miyarmu ta ayvar. Duk wanda ya san jan da miyar gasasshen tattasai take yi a kakar bana ya san abin da mutane suka gani. Mata suka sa kururuwa, wani ya ruga kiran limamin coci. Spiro ya zo ya tsuguna a kaina, ya dangwala yatsa a cinyata, ya lasa.

"Ku watse, ba jininsa ba ne," in ji shi. "Miyar Menka ce. Ita kaɗai ke zuba gishiri kamar da gayya."

Za ku ce me ya kai miyar Menka, wata mata 'yar unguwarmu, cikin akwatina. To, tafiya ce ta kama ni. In Allah ya kai mu lokacin Kirsimeti zan je Ostiraliya, birnin Melbourne, wurin 'yata Bilyana, in ga jikata da aka haifa bara. Ban taɓa ganinta ba sai a gilashin waya, tana ƙoƙarin cinye mini hanci ta cikinsa. Dafina ta ce ita ba za ta hau abin da ba a iya cewa direba tsaya zan sauka ba, saboda haka ni kaɗai zan tafi. Ban gaya wa kowa ba sai ita, ita ma ba ta gaya wa kowa ba sai mai gyara mata gashi, kafin rana ta faɗi gari duka ya sani.

Kun dai san halinmu. Rabin garin nan yana Ostiraliya, sauran rabin yana zaune a ƙofar gida yana jiran wanda zai tafi ya ɗora masa kaya. Duk wanda aka buga wa biza a nan ya zama jakin kowa. Kuma saƙon ɗan uwa ba a jefa shi a gidan waya, abin kunya ne. Da hannunka ka karɓa, da hannunka za ka miƙa, ka zauna a ba ka gahawa, ka ƙare wa mutum kallo, ka dawo ka faɗa wa uwarsa ko ya rame. Ni kaina na ɗora wa mutane haka, ban isa in ce al'adar ba ta da kyau don yau ta faɗo a kaina ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mu mutanen Makedoniya da ƙasarmu muke auna duniya. A nan in ka karya kumallo a iyakar Girka ka hau bas, za ka ci abincin rana a ɗaya iyakar, muddin direban bai tsaya gaida surukarsa ba. Shi ya sa duk wanda ya shigo gidana da ƙunshi magana ɗaya ce a bakinsa, ai kan hanya ne. Ɗan Menka yana Sydney, kan hanya ne. Ƙanen Spiro yana Brisbane, ka sauka ka miƙa masa ka hau mota ta gaba. Wani dattijo ma da ban san sunansa ba ya kawo mini tukunyar zuma zuwa New Zealand, ya ce an gaya masa tsallaken ruwa ne kawai.

Ban ga laifinsu ba, hukuma ce ta ɗora su a kan wannan karatu. Shekarun baya Mai Girma ya kwashi tawaga, da mataimaka, da mataimakan mataimaka, da wani surukinsa da aka ce masani ne kan ciyawa, suka tafi Ostiraliya da kuɗinmu domin su gaisa da 'ya'yan gari, su kuma koyo yadda ake cike rami. Sakamakon karatun ramin kun ji shi a sama. Da suka dawo aka buɗe Ofishin Zumunci da 'Yan Ƙetare, aka zana wani ƙaton hoto a bangonsa. Taswirar ƙasarmu a dama, ta Ostiraliya a hagu, girmansu ɗaya cif, kowace ta fito da hannu suna musabaha. An ce mai zanen ya so ya yi gaskiya, aka ja masa kunne cewa ba za a ƙasƙantar da ƙasar Mai Girma a kan bangon Mai Girma ba. Ta gaban hoton nan tsofaffinmu ke wucewa duk wata in za su karɓi fansho. Me kuke so su ɗauka?

Wata Lahadi Bilyana ta kira. Su can har sun ci abincin dare, mu nan ko tukunyar rana ba a sauke ba. Na juya mata waya ta ga tsibin kayan da ya cika mana falo.

"Baba, mene ne wancan?"

"Amanar mutane."

"Baba, don Allah ka saurare ni da kunnen basira. Cuku na gida, busasshen nama, iri, 'ya'yan itace, duk abin da aka dafa a gida aka ɗura a kwalba, sai ka faɗa musu a filin jirgi, kuma yawanci a kwandon shara yake ƙarewa. In ka ɓoye, akwai karnuka da aikinsu ke nan, su shinshino. Tara ce mai zafi, wataƙila ma su juyo da kai. Ko takalminka ka wanke tas, kada su ga laka."

"Lakar garinmu? Ai ita kaɗai ce hukuma ta raba mana kyauta."

"Ni dai na gaya maka. Kuma ka ce wa Mama ta fitar da ƙatuwar rigar sanyin nan, lokacin da za ka zo zafi ake yi a nan."

Dafina ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce ita ba ta yarda da ƙasar da ake zufa ranar Kirsimeti ba, riga tana nan daram, in ina so in fitar da ita sai dai in fitar da aurenmu tare.

Haka na shiga bin gida gida ina mayar wa mutane kayansu, ina shan harara. Wata ta ce tun da na samu biza na fara ɗaga kai. Wani ya ce ubana da ya je Jamus aiki har da ɗanyen kabeji ya tafi wa mutane, bai mutu ba. Menka kuwa ƙofa ta rufe, ta yi mini magana ta taga cewa ta toshe bakin kwalabenta da kakin zuma, ba karen da aka haifa da zai ji ƙanshinsu. Na rasa yadda zan yi da su, shi ya sa suka kwana a akwatina har jiya, da ramin Mai Girma ya yi mini aikin da na kasa. A rubuta wannan cikin ayyukan alherinsa, ni shaida ne.

Sauran shiri duk mai sauƙi ne. Filin jirginmu yana babban birni, Spiro ya ce zai kai ni a motarsa in an samu mai, ya riga ya ajiye yaronsa a layin gidan mai tun yanzu don kada a makara. Sabon titin da aka yi mana alkawari zai rage tafiyar da rabi, na je na duba shi, allon da ke ɗauke da hotonsa yana da kyau ƙwarai. Dafina kuma ta tanadi kofin da za ta watsa mini ruwa a bakin ƙofa ranar tafiya, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi don hanya ta yi masa santsi, in dai famfo ya kawo ruwa a makon.

Wadda ta gagare ni ita ce Inna Velika, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Ta haura tamanin, ta san ni tun ina yawo ba wando, har gobe yaron nan take ce mini maimakon sunana Meto, ni da furfurata. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Pando, abokin wasana na ƙuruciya. Yana wani gari da ake kira Darwin yana gyaran injin jiragen ruwa. Ya daɗe rabonsa da gida, ko jana'izar mahaifinsa bai samu zuwa ba. Yana kira, ba a ce ba ya kira ba, amma kun san hirar waya tsakanin tsohuwa da ƙaton namiji. Lafiya, lafiya, kin ci abinci, na ci, to sai an jima.

Da fari cuku ta kawo, na ce ba ya shiga. Washegari ta kawo tuffa daga bishiyar da mijinta ya dasa, na ce ba ta shiga. Ta tafi ta dawo da ƙullin hankici, na kwance, sai ga 'yar turɓaya daga kabarin mahaifin Pando. Wannan kam da ƙyar bakina ya iya cewa a'a, raina ya sosu ƙwarai.

"Wane irin mutane ne waɗannan masu tsoron turɓaya?" ta ce.

"Inna, ba ma wannan ba. Darwin fa tana da nisa daga inda zan je."

"Kai dai ka ce kana ƙyuya, tun kana yaro haka kake. Yallaɓai na ofishin zumunci da bakinsa ya gaya mini, unguwa ce a bayan gari. Ya ga Pando da idonsa, ya yi ƙiba, duk Lahadi da 'yan garinmu yake cin abinci. Har suwaita na saƙa na ba shi ya kai masa, a gaban masu ɗaukar hoto. Ko ka fi shi sani ne, kai da ko jirgi ba ka taɓa hawa ba?"

Ban fi shi sani ba, shi ya sa na sa rigar zuwa coci na tafi neman ilimi. Na samu Yallaɓai Babban Mashawarci Kan Zumunci a ofis, abin da ba kowa ke dacewa da shi ba, yana fama da burodin cuku mai zafi a kan teburin gwamnati.

"Ranka ya daɗe, shawara na zo nema, tunda kai ka san ƙasar. Daga Melbourne zuwa Darwin yaya ake yi?"

"Darwin," ya ce, yana duban silin. "Ita ce mai otal ɗin nan da ake iyo a saman bene?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe, kai ka je."

"Ai duk kusa suke da juna. Mu dai mota takan zo ta ɗauke mu, a kai mu jirgi, a ba ni abin sha, in ɗan runtsa, ina buɗe ido mun iso. Ƙasa ce ƙarama in mutum yana da tsari. Ku matsalarku rashin tsari."

Na jinjina kai, domin ban taɓa sanin barci yana rage nisa ba, ashe yana ragewa in wani ne ya biya kujerar. Na ce, "Pando fa, ɗan Inna Velika, ka gan shi?"

"Duk na gan su. 'Ya'yanmu ne. Suna gaishe ku."

Na yi godiya na fito. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da mai gadin ofis yana shan hantsi cikin wata shuɗiyar suwaita mai hoton barewa a ƙirji, barewar da ƙafafunta na baya suka fi na gaba gajarta. Na san barewar nan. A kan bencin ƙofar gidanmu aka saƙa ta, Dafina ma ta ce ƙafafun ba su yi daidai ba, Inna Velika ta ce barewar zaune take. Na tambayi mai gadi inda ya samo riga mai kyau haka. Ya shafa ƙirji ya ce Yallaɓai ne ya ba shi, tsarabar Ostiraliya ce, shi ya sa ba a samun irinta a nan.

Don Allah kada ku yi saurin zagi. Bilyana ta gaya mini Darwin gari ne da zafi ba ya sauka shekara duka, ga kadoji a ruwa, mutum ko singileti nauyi take yi masa. Mai gadi kuwa a bakin ƙofa yake wuni cikin sanyi. Ke nan suwaita ta isa ga mai bukatarta, kuma a iya sanina wannan ne rabon kaya na farko da ofishin ya yi daidai. Ban dai gaya wa Inna Velika ba, ba ni da wannan ƙarfin halin.

Ana nan sai ga ta ta shigo mana da hantsi hannu rabbana, fuskarta wasai.

"Na samo abin da karensu ba zai shinshino ba. Sunkuyo, yaron nan."

Na ɗauka raɗa za ta yi mini. Na sunkuya na miƙa kunne, sai ji na yi tas a kumatu, har wuta na gani. Tsohuwar da ke cewa ba ta iya buɗe murfin kwalba.

"Wannan na jana'izar ubansa ne," ta ce. "Ka kai masa haka, kada ka rage, kada ka ƙara. 'Ya'yan Menka duk bazara suna gida. Ƙasa ɗaya suke, tebur ɗaya suke ci, su su hau jirgi su zo ganin uwarsu, shi ya zauna yana ƙiba. Ko sau ɗaya ya biyo su mana."

Dafina tana riƙe da ƙyauren kicin don kada dariya ta kayar da ita. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Inna, ko za ki maimaita masa? Maigidan nawa akwai mantuwa."

Tana fita na sake kiran Bilyana, kumatuna yana zogi, na ce ta faɗa mini gaskiya tsakaninta da Allah. Ta ce a jirgin sama ya fi awa huɗu, zuwa kawai. A mota kuwa kwana da kwanaki ne cikin dajin da za ka wuni ba ka ga mutum ba, sai ka ɗauki ruwanka da manka. Hutun da ta samu a wurin aiki saboda zuwana ba shi da yawa, duk ranar da na kashe a hanyar Darwin rana ce da ba zan ɗauki jikata ba.

"Ka ce mata ka kai," in ji Dafina muna shan gahawa. "Ka kira shi a waya daga gidan Bilyana, ka dawo ka ce ya yi ƙiba. Kowa haka yake yi."

"In na yi haka mene ne bambancina da Yallaɓai?"

"Shi yana da mota."

Zan faɗa muku gaskiya, ba na son zuwa Darwin. Jikata nake son gani, in zauna da ita a ƙasa ta ja mini gashin baki har in gaji. Ƙarya kuma ba zan iya yi wa matar da ta sha ba ni burodi da man shanu ta kan katanga ba. Sai dabara ta faɗo mini. Ba zan ƙi saƙo ba, wannan ba a yi. Zan dai nuna mata nisan da idonta, ita da kanta ta ce na yafe maka.

Jiya, bayan na canja wando an wanke mini mutunci, na hau kujera na sauko da taswirar duniya mai kamar ƙwallo da Bilyana ta yi makaranta da ita, na kaɗe ƙura, na rungume ta na shiga gidan Inna Velika ina ta fara'a. Na same ta a tsakar gida tana gasa tattasai a kan murhu, hayaƙi ya cika ko'ina. Ta goge hannu a zaninta ta sa tabarau.

"To, ina muke?"

Na nuna mata. Ta kai fuska kusa, ta ja baya, ta sake kaiwa. Na ɗora kan ɗan ƙaramin yatsanta a wurin, ya rufe mu ruf, har da rabin maƙwabta.

"Ka raina mini hankali. Mu ne wannan ɗigon?"

"Mu ne, Inna, da Mai Girma da almakashinsa duka."

Na juya ƙwallon na kai ta can ƙasa. Ostiraliya sai da ta sa tafin hannu. Na nuna mata Melbourne a gindi, na nuna mata Darwin a can ƙoli. Na ware yatsuna biyu na auna tsakaninsu, na ɗauko awon ban motsa ba, na dasa yatsa ɗaya a garinmu. Ɗayan ya wuce Girka, ya tsallake teku, ya ratsa Masar gaba ɗayanta, ya sauka a Sudan. Na dube ta ina murmushi, ina jiran ta ce ashe haka ne, yi zamanka. Har na fara jin daɗin wayona.

Ta mayar da ƙwallon inda yake, ta sa yatsa a kan Darwin ta bar shi a nan. Tattasai yana ƙonewa a bayanta, ba ta waiga ba.

"'Ya'yan Menka suna ina?"

Na nuna mata can ƙasa.

"Bilyana fa? Da jikokin limamin coci? Da 'yan gidan mai burodi?"

"Duk suna nan ƙasa, Inna."

"To wa yake cin abinci da shi ranar Lahadi?"

Ban shirya wa wannan tambaya ba. Ni na zo in nuna mata nisan da ke tsakanina da wahala, ashe abin da na ɗauko shi ne in ƙwace mata abu ɗaya da take kwantar da rai da shi, cewa ɗanta yana cikin mutanensa. Ƙaryar Yallaɓai ce, amma a kanta tsohuwar nan take barci shekara da shekaru.

"Ina nan ina jin haushinsa," ta ce a hankali, "ina cewa ya samu jama'a ya manta da ni. Ashe shi kaɗai yake zama a tebur."

Ta ɗago hannu, na ɗan kauce don na san hannun. Sai ta shafa kumatuna a daidai inda ta mara, kamar mai goge wa yaro miya.

"Na karɓi abina. Kada ka je, yaron nan, da nisa. Je ka ga jikarka."

Abin da na shigo nema ke nan, an kuma ba ni a hannu. Na ɗauki ƙwallona na fito, kunya ta rufe ni, ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Dafina ta ga fuskata ba ta yi tsokana ba, wanda a tarihin aurenmu abu ne da ya cancanci a yanka masa ƙyalle.

Yau da sassafe na kira Bilyana na ce ta saya mini tikitin Darwin, zuwa da dawowa. Ta yi mita, ta ce an rage wa 'yarta kwanakin kakanta, ta ce ni da taurin kai sai Allah. Na ce ta ba yarinyar haƙuri, zan biya ta da gashin baki. Can an jima ta sake kira, muryarta ta sauya.

"Baba, na samu Kawu Pando a waya don ya tare ka a filin jirgi. Sai ya ce, Meto ne zai zo? Har nan? Ya ce tun da ya sauka a garin ba wanda ya taɓa zuwa masa daga gida. Yana tambaya me kake ci, wai zai sayi kujera ta biyu."

Na leƙa ta kan katanga na gaya wa Inna Velika, ban da zancen kujera. Ta wanke ni tas. Ta ce almubazzari ne ni, ba na jin magana, uwata ma haka ta yi fama da ni. Da ta gama ta ce in zagayo. Na zagaya na tsaya nesa kaɗan, don kumatuna bai gama hucewa ba.

"Matso. Buɗe hannuwanka."

Na buɗe. Ta shigo ta rungume ni, kanta bai wuce ƙirjina ba, gashinta duk ƙaurin tattasai. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma riƙon ya yi ƙarfi har haƙarƙarina ya amsa. Mun daɗe a haka, Dafina tana bakin ƙofa tana share ido da gefen ɗankwali tana cewa hayaƙi ne.

"Haka za ka ba shi," in ji Inna Velika cikin rigata. "In ya ce ya isa, kada ka sake shi. Ƙarya yake yi, ubansa ma haka yake."

Saboda haka, masu karatu, daga yau har ranar tafiya, in kun gan ni a titi ina tafe hannuwa a buɗe kamar mai ɗauke da kankana, kada wanda ya miƙo mini hannu mu gaisa, kada kuma a ce na fara girman kai. Kayan mutane nake ɗauke da su, ina tsoron su zube.